Katangar tekun Legas: dutsen da ya buɗe wa gyaɗarmu hanya

Yau mun ajiye saitin waya, tarihi za mu taɓa.

Da yawa daga cajoji da batiran da kake gani a Farm Centre ta tashar jirgin ruwa ta Legas suka shigo. To da can babban jirgi ba ya iya shiga wurin nan fa. Igiyar ruwa ke tara yashi a bakin mashigar, dole jirgi ya tsaya can waje, a riƙa jidar kaya da ƙananan jirage.

Wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka dukufa jera manyan duwatsu a cikin teku, katanga ɗaya gabas da mashigar, ɗaya yamma. A Aro kusa da Abeokuta ake fasa dutsen, jirgin ƙasa ya kawo shi. Aikin katangar biyu ne: ta karya ƙarfin igiya, ta kuma hana yashi toshe hanya. Da aka haɗa da yashe mashigar, a Fabrairun 1914 babban jirgi mai suna Akoko ya shiga. Dama layin dogo ya iso Kano tun 1911. Ka ga gyaɗa irin wadda kakanninmu na Gaya da Ajingi suka noma ta samu ƙofar fita zuwa Turai.

Amma akwai matsala. Yashin gaɓar Legas daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Da katanga ta tare shi, sai Bar Beach da ke gabas ta daina samun sabon yashi, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru, har ruwa na malalowa titin Ahmadu Bello a Victoria Island.

Maganin? Wata katangar! A 2008 aka fara aikin Eko Atlantic, aka cike wurin da yashi, aka kare shi da tubalan kankare, kowanne tan 5. Yanzu kuma mutanen Okun Alfa da ke gabas ke kukan teku ya dawo kansu.

Manomi ya san wannan: in ka tare ruwa a gonarka, gonar maƙwabci zai nufa. Duk ranar da ka ji za a gina madatsa ko magudana a garinku, tambayi ina ruwan zai koma, kuma gidan wa zai ci.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.