Daga Grace zuwa Shatu Garko: Kano da Kambin Sarauniyar Kyau

Wudil ba da gasar kyau ta yi suna ba. Abin da ke tara mata jama'a shi ne kara ta ranar Juma'a, inda ake loda shanu a manyan motoci zuwa Kudu, sai kogi da gadarsa, sai jami'ar kimiyya da fasaha da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Garko maƙwabciyarta ce, ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja. Daga wannan yanki ne aka samu sunan da ya cika bakin 'yan Najeriya a watan Disambar 2021, lokacin da Shatu Garko, 'yar shekara 18 mai tallan tufafi, ta zama Miss Nigeria ta 44 a Legas, aka ɗora mata kambi a kan lulluɓinta. Ita ce ta farko da ta ci gasar da hijabi.

Mutane da yawa sun ɗauka a ranar ne Kano ta fara shiga wannan harka. Ba haka ba ne. Lokacin da jaridar Daily Times ta ƙirƙiro gasar a 1957, hotuna ake aika mata, a tace, a kira waɗanda suka yi fice zuwa Legas. Wadda ta fara lashewa, Grace Oyelude, haifaffiyar Kano ce, iyayenta mutanen Isanlu ne ta jihar Kogi ta yanzu, kuma sunan Jihar Arewa ta ɗauka ta tafi da shi. Fam 200 aka ba ta. Ba ta tsaya cin moriyar suna ba, ta wuce Ingila ta karanci aikin jinya, ta dawo ta yi shekaru tana aiki a asibitocin Arewa. Ba a yi wani cece-ku-ce a kanta ba, domin a idon mutanen birni wannan sha'anin 'yan Sabon Gari ne, bai taɓa 'yar kowa ba.

Ba wai Bahaushe bai san gwada kyau ba ne. Duk wanda ya tarar da dandali a ƙauyukan ƙasar Kano zai tuna yammacin Sallah: 'yan mata sun sha lalle hannu da ƙafa, kwalli ya zauna a ido, kitso sabo, zani ɗaurin ƙirji, murjani a wuya. Mai kalangu ya saki taken yarinya, ta fito fili ta taka, samari su yi ta liƙi har ƙawayenta su gaji da tsince kuɗi. Kowa ya san wadda ta fi, ko da ba a naɗa ta ba. Amma a gaban 'yan garinsu take yi, yayyenta na gefe, kuma ƙarshen abin aure ne. Gasar Legas kuwa baƙi ne alƙalai, ga kyamara, ga kuma fitowa da kayan ninkaya, wanda shi ne ya fi tsaya wa mutanen Arewa a rai.

Sai aka zo 2002. Agbani Darego 'yar Najeriya ta ci Miss World a 2001, wannan ya sa aka kawo gasar Abuja a shekarar da ta biyo baya, ana cikin azumi, ana kuma tsakiyar taƙaddamar shari'ar Amina Lawal ta jihar Katsina, wadda ta sa wasu 'yan takara suka ƙi zuwa. Wani rubutu da Isioma Daniel ta yi a jaridar ThisDay ya taɓa janibin Manzon Allah (SAW), Kaduna ta kama da wuta, mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu, aka kwashe 'yan takara zuwa Landan. Tun daga nan, in ka ce gasar sarauniyar kyau a Arewa, gawarwakin Kaduna ake fara tunawa. Ko a Nijar, bikin nuna tufafi na FIMA da mai zanen tufafi Alphadi ke shiryawa ya jawo tarzoma a Yamai da Maraɗi a 2000.

Abin da ya buɗe wa Shatu ƙofa sauyi ne da ya zo a hankali, kuma ba daga Kano ya taso ba. Miss Nigeria ta yi 'yan shekaru a kwance, da aka farfaɗo da ita a 2010 sai aka soke fitowa da kayan ninkaya. A 2013 wata 'yar Najeriya, Aishah Ajibola, ta lashe gasar World Muslimah a Jakarta, inda har karatun Alƙur'ani ake gwadawa. A 2016 Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta shiga gasar Miss Minnesota a Amurka da hijabinta, manyan kamfanonin tufafi suka yi rububinta. A gida kuma wayar hannu ta yi nata aikin. Masu sayar da atamfa da leshi da abaya, daga Kantin Kwari har shagunan cikin unguwa, suna neman yarinyar da za ta sa kaya a ɗauke ta hoto a ɗora a Instagram. Sana'a ce ta samu gindin zama ba tare da an yi shela ba.

Shatu ta wakilci Arewa maso Yamma, ta doke 'yan takara 17, ta samu naira miliyan 10 da sabuwar mota da gidan zama na shekara ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka shugaban Hisbar Kano na lokacin, Harun Ibn Sina, ya ce za su gayyaci iyayenta, domin abin ya saɓa wa Musulunci. Ita Hisbar ma a 2003 aka kafa ta da doka, sa'ar Shatu ce ke nan.

A ganina ɓangarorin biyu ba magana ɗaya suke yi ba. Masu yabo sun ce ta rufe jikinta, me kuma ake nema? Malamai suka ce ba yadi ne matsalar ba, tsayuwar mace a gaban maza su auna kyanta ita ce. Hijabi ya amsa tambayar farko, bai taɓa ta biyu ba, kuma masu cewa nasararta ta kashe bakin kowa sun yi gaggawa. Halima Aden da kanta ta ajiye aikin a 2020, ta ce ya sa tana sassauta addininta. Sai dai su ma masu tsine-tsine a Facebook sun wuce gona da iri, sun yi wa yarinya 'yar 18 taron dangi, alhali babu wanda ya jefi attajiran da ke biyan 'yan mata su tallata musu kaya da ko kalma ɗaya.

Ƙurar ta lafa ba a ƙone ko rumfa ba, kuma idan aka tuna 2002 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shatu ta riƙe kambin shekara uku, har Disambar 2024 da Doris Ogah ta gaje ta.