Daga Tsawar Stotternheim zuwa Damagaram: Ƙuruciyar Martin Luther

A shekarar 1924 ne ƴan mishan na SIM suka kafa tasharsu ta farko a ƙasar Nijar, a garin Damagaram. Mutanen Birni da na Zango sun gan su ɗauke da littafi, suna ƙoƙarin karanta shi da Hausa. Wannan naci na cewa kowa ya karanta nassi da harshen da ya tsotsa a nono yana da asali, kuma asalin yana komawa ga wani saurayi Bajamushe da tsoron hisabi ya hana shi barci shekaru ɗari huɗu kafin wannan lokaci.

An haifi Martin Luther a garin Eisleben a 1483. Mahaifinsa Hans, mai sana'ar narkar da tagulla a Mansfeld, ya ƙudurta ɗansa zai zama lauya, don haka ya tura shi jami'ar Erfurt a 1501. Amma ran 2 ga Yuli 1505, yana kan hanyar komawa makaranta, hadari ya rutsa da shi kusa da ƙauyen Stotternheim, aradu ta faɗi dab da shi. Cikin firgita ya yi wa waliyiya Anna alwashin shiga zuhudu idan ya tsira. Bayan mako biyu ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan masu zuhudu na ɗarikar Agustin, ba da son mahaifinsa ba.

A can ya duƙufa ga azumi, da tsayuwar dare, da furta zunubai, har aka naɗa shi limamin coci a 1507. Duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba. Tambayar da ke cin ransa ita ce: ta yaya bawa zai tabbata aikinsa ya isa a gaban Ubangiji mai adalci? Duk lokacin da ya ƙara ibada, sai ya ƙara hango gazawarsa. Shehinsa, Johann von Staupitz, ya lura almajirin nan yana neman halaka kansa da waswasi, sai ya ba shi magani irin na malamai: ya ɗora masa karatu da koyarwa. A 1512 Luther ya sami digirin dakta a Wittenberg, ya karantar da Zabura daga 1513, sannan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa daga 1515.

A cikin wannan karatu ne ƙullin ya warware. Kamar yadda shi kansa ya bayar da labari a 1545, da can yana ɗaukar adalcin Allah a matsayin ma'aunin hukunta mai zunubi. Daga baya ya fahimce shi a matsayin baiwa da bawa ke karɓa ta wurin bangaskiya. Wanda ya kai ga wannan fahimta ba zai iya yin shiru ba yana ganin ana sayar wa talakawa takardun sassaucin azaba. Daga nan batutuwansa 95 na 1517 suka fito, sai tsayuwarsa gaban sarki Charles na biyar a Worms a 1521, sai fassarar Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 reshe ne na wannan itace.

Tarihi bai ɓoye aibinsa ba: ya goyi bayan murƙushe manoma masu tawaye a 1525, ya kuma yi mummunan rubutu a kan Yahudawa a ƙarshen rayuwarsa. Mai neman rahama ga kansa bai kasance kullum mai rahama ga wasu ba.

A watan Janairu na 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram, garin da Kirista ƴan tsiraru suka daɗe suna zaune tare da Musulmi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa inda aƙidar maƙwabcinsu ta samo asali bai nemi su bi ta ba. Ya dai rage musu jahilcin da fitina ke kiwo a cikinsa. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.