Neman ɗakin haya a birni: abin da ya kamata ɗan Damargu ya sani kafin ya ɗaura kaya

Kowace shekara da an gama yankan hatsi, an kai damma rumbu, motocin da ke fita daga Gangara da Tanut da Belbeji sai su cika da ƴan cin rani. Wasu Damagaram suka nufa, wasu Agadas da Arlit, wasu Yamai, wasu kuma su tsallaka Kano. A lokacin ne kuma ɗalibai ke komawa karatu. Ke nan duka a wata ɗaya ake neman ɗaki, masu gidaje kuwa sun san da haka. Shi ya sa muka tattara muku wannan bayani wuri guda, don mai niyyar tafiya ya karanta, ko a karanta masa.

Abu na farko, kada a kama ɗaki daga gida. Mun san yanzu akwai waya, ana turo hoton ɗaki ta WhatsApp, fenti sabo, a ce a aiko da kuɗi ta Nita ko Amana kafin wani ya riga ka. Hoto ba ya nuna rufin da ke yoyo, ba ya kuma gaya maka ko wanda ya turo shi yana da iko da gidan. Hanyar iyayenmu ita ce har gobe ta fi: ka sauka wurin ɗan gari, ko ɗan'uwa, ko mai masauki a zango, ka yi mako ɗaya ko biyu, ka taka da ƙafarka. Ƴan'uwanmu da ke Libiya da Aljeriya masu aiko wa iyali kuɗin haya, wannan maganar ku ta fi shafa. Ku tura wa naku da zai je ya gani da idonsa, ba lambar da aka ba ku a waya ba.

Sunayen ɗakunan

A biranenmu da Faransanci ake ciniki, ko da Hausa ake magana. Antire-kushe shi ne ɗaki guda tal, ka shiga ka kwanta. Shambur-salon shi ne ciki da falo. Gidan da aka jera ɗakuna a tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, famfo ɗaya, shi ake kira selibateriyom, ko da yake yanzu masu iyali sun fi gwauraye yawa a ciki. Bila kuwa gida ne sukutum mai katangarsa, wannan na ma'aikata ne da ƴan kasuwa. Sai a tambaya kuma: na laka ne, na siminti ne, ko rabi da rabi? Na laka ya fi araha, ya fi sanyi a bazara, amma yana son yaɓe kowace shekara, kuma sai an san wa zai yi shi, kai ko mai gida.

Kuɗin shiga

Nan ne mutanenmu suka fi shan mamaki. Mutum ya ji an ce ɗaki jika 15 a wata, misali, sai ya ɗauka jika 15 zai riƙo. A'a. Yawancin masu gida na neman abansi, wato kuɗin wata biyu ko uku a gaba. Sannan ga kosiyon, kuɗin ajiya ne da ake riƙewa saboda ɓarna, a maido maka ranar da za ka fita. Sannan ga dillali, wanda ake ce wa demarsher: yana karɓar na kai ka ganin ɗaki, ko ka kama ko ba ka kama ba, idan an daidaita kuma ya karɓi ladansa, sau da yawa rabin kuɗin wata ko na wata guda. To ku lissafa: abansin wata uku jika 45, kosiyon na wata ɗaya jika 15, dillali jika 15. Jika 75 ke nan, ba a sayi ko tabarma ba. Kuɗin akuyoyi ne, ko buhunan wake da aka sha rana a kai.

Dillali ba abokin gaba ba ne, shi ya san ɗakin da aka fita jiya. Amma kuɗin haya hannun mai gida ake sa shi, ko wakilinsa da maƙwabta suka sani, a gaban shaidu, a karɓi takarda. Tun 1996 ƙasarmu ta kafa doka a kan hayar gidaje, sai dai a unguwannin talakawa da baki ake yawan gama magana, ranar rigima kuma kowa ya ce ba haka aka yi ba. Ko a takardar kaye ce a rubuta: sunan mai gida, kuɗin wata, ranar biya, nawa aka ajiye na kosiyon, wata nawa za a ba ka idan ana son ka tashi. In da Faransanci aka rubuta, a je da ɗan lakwal ya karanta kafin a sa hannu. Kuma a je a gai da mai unguwa. Gaisuwa ce kawai, amma shi ne farkon wanda za a kai wa ƙara.

A Kano lissafin daban ne. Can shekara ake biya gaba ɗaya, da naira, ejan kuma ya ɗauki kasonsa a kai. Shi ya sa ƴan cin rani da za su yi wata huɗu ko biyar ba su cika kama ɗaki su kaɗai ba, sai su haɗu su biyar ko shida a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa, ko su kwana a shagon da suke aiki.

Ruwa kafin komai

Wanda zai zauna Damagaram, kafin ya tambayi kuɗin ɗaki ya tambayi ruwa. Garin bisa dutse yake zaune, ruwan da ake sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza da Ganaram. Idan bazara ta yi, daga Maris zuwa Mayu, akwai unguwannin da famfo ke kwana da kwanaki bai ɗiga ba, sai ƴan garuwa, su kuma farashinsu tashi yake da zafi. Ɗaki mai araha a inda ruwa ba ya zuwa, in ka haɗa da kuɗin jarka, ya fi mai tsada tsada. Kada ka tambayi mai gida, zai ce maka ruwa lafiya lau. Tambayi matan gidan, ko ka dubi yawan jarkokin da aka jera a ƙofa.

Sai ruwan sama. Mu da rani muke zuwa, ƙasa a bushe, ko'ina kyau gare shi. A dubi gindin katanga, in akwai zanen laima to ruwa na kwanciya a nan. A damanar 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ruwa ya kayar da shi, balle ɗakin laka da ba a kula da shi. A Yamai kuwa kogin Kwara ne abin tsoro. A 2020 ya cika ya shiga unguwannin bakin ruwa irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga, mutane da yawa suka kwana a makarantu. Ɗalibai na son Harobanda saboda kusa da jami'ar Abdu Mumuni, babu laifi, amma a nemi tudu.

Kuran da sauran ƙananan rigingimu

A gidan yawa kontar NIGELEC ɗaya ce, ana raba kuɗin wata bisa yawan ƙwan fitila da fanka da firji. A tambayi yadda ake rabon tun ranar farko, don a nan zumunci ya fi lalacewa. In kontar taka ce kai kaɗai, ka rubuta lambar da take nunawa ranar shigarka, ka nemi a nuna maka takardar biya ta ƙarshe. Mun sha jin wanda ya shiga ɗaki, bayan mako biyu aka zo aka yanke wuta saboda bashin wanda ya fita.

A lissafa nisa ma. Ɗakin bayan gari na da sauƙi, amma kabu-kabu ko adaidaita safe da yamma a Damagaram, ko faba-faba da taksi a Yamai, suna iya cinye abin da aka rage. Mai tura baro a kasuwar Dole gara ya matsu kusa da ita.

Wata magana da ba a cika faɗa a fili ba: masu gida da yawa ba sa son ba gwauro ɗaki a gidan matan aure, mace ita kaɗai kuwa ta fi shan tambayoyi. Ɗaliba ko bazawarar da za ta je aiki, ya fi sauƙi wani babba nata ya raka ta ya tsaya mata. Mai niyyar ɗauko iyali daga baya kuma ya faɗa tun farko, da yawan yaransa, kada a zo ana cewa ba da su aka yi ciniki ba.

In damana ta matso za ka dawo gona, ka sanar da mai gida wata guda kafin tafiya. Wanda ya kulle ɗaki ya taho shiru, kuɗin wata na ci gaba da hawa kansa, kayansa kuma su zama jingina. Ku zagaya ɗakin tare da shi, a ga ƙofa da taga da kwado yadda ka same su, sannan ka miƙa makulli ka karɓi kosiyonka a wurin, don in ka riga ka hau motar Tanut, karɓarsa ta waya wuya gare shi.