LAMBUN SARKI HUMAYUN DA LAMBUN BAYAN ƊAKIN CIN ABINCI

Dalilin rubutun nan shi ne shawarar da aka kawo a taronmu na ƙarshen shekara, cewa a sare ragowar itatuwan lambun makaranta da ke bayan ɗakin cin abinci, a daɓe wurin da siminti ya zama filin taro da ajiye motoci. Ban ce uffan ba a ranar, domin akwai manya a wurin. Amma tun da an ɗage maganar zuwa zama na gaba, na ga ya dace in ba mu tarihin wani lambu da na gani da idona, wanda ya sha gyare-gyare iri-iri kafin a gano bakin zarensa.

Shekarun baya ofishinmu ya tura ni wani kwas a birnin Delhi na ƙasar Indiya. Ran wata Asabar aka kwashe mu zuwa hubbaren Sarki Humayun. Abokan tafiya suka duƙufa ɗaukar hoton ƙubbar, ni kuwa abin da ya tsayar da ni shi ne wata siririyar magudana ta jan dutse, ruwa na bin ta a hankali tsakanin itatuwan mangwaro da darbejiya. Nan take lambunmu ya faɗo mini a rai. Ba banza ba kuwa, domin duka itatuwan biyu asalinsu daga can yankin ne aka kawo mana su.

Humayun shi ne sarki na biyu a daular Mugal. Mahaifinsa Babur mutumin tsakiyar Asiya ne, wanda ya kama Kabul a 1504, sa'an nan ya ci yaƙin Panipat a 1526 ya mallaki Delhi da Agra. Babur mai son lambu ne ƙwarai, har a littafin tarihin rayuwarsa ya koka da zafi da ƙura da rashin ruwa mai gudu a sabuwar ƙasar tasa. Shi ya yaɗa a Indiya tsarin lambun Farisa da ake kira chahar bagh, wato lambu huɗu. Akan zagaye fili da ganuwa, a raba shi gida huɗu da hanyoyin ruwa biyu masu gicciye juna, don tunawa da ƙoramu huɗu na Aljanna da aka ambata a Suratu Muhammad.

Humayun ya rasu a 1556, bayan ya faɗo daga matakalar ɗakin karatunsa. A zamanin ɗansa Akbar aka gina masa hubbare da jan dutse da farin marmara, bisa tsarin wani magini mutumin Farisa, Mirak Mirza Ghiyas, aka gama wajen 1570. An kafa ginin a tsakiyar lambu mai faɗin kimanin eka 30, an yanka lambun fangali 32, kuma an tsara magudanun yadda mai kallo zai ga kamar ruwan ya shige ƙarƙashin hubbaren ya ɓullo ta ɗaya gefen. A lokacin kogin Yamuna yana wucewa ta gindin ganuwar gabas. Wannan ne babban hubbare na farko da aka gina cikin irin wannan lambu a Indiya, kuma sawunsa Taj Mahal ta bi bayan shekaru sittin da wani abu.

To, gini yana iya jure sakaci na shekara ɗari, amma lambu rani biyu ya ishe shi. Da ƙarfin daular ya ja baya, kuɗin biyan masu ban ruwa ya yanke, rijiyoyi suka cike, kogin ma ya janye ya yi nisa. A ƙarni na 18 har mutane sun tare a ciki suna noman kayan miya. A nan ne kuma sarkin Mugal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, ya fake a watan Satumba na 1857, wani hafsan Ingila mai suna Hodson ya kama shi, aka kai shi Rangun inda ya rasu a 1862.

Daga nan aka shiga zamanin masu gyara. Turawan mulki na farko suka sāke wa lambun kama ya koma irin na Ingila, suka yi da'irorin furanni a inda tafkunan ruwa suke, suka dasa itatuwa yadda suka ga dama. Daga bisani gwamna Lord Curzon ya ga an yi kuskure, ya sa aka maido da magudanun aka shimfiɗa musu dutse, aikin da aka yi tsakanin 1903 da 1909. Bayan an raba Indiya da Pakistan a 1947, dubban 'yan gudun hijira suka yi sansani a lambun na wasu shekaru, abubuwa da yawa suka sake lalacewa. Shi kuwa hubbaren, duk sa'ad da rufinsa ya yi yoyo sai a ƙara masa kankare. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Kowa gyara ya zo yi, sai dai garin neman gira aka kusa rasa ido.

A 1993 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. A 1997 kuma, lokacin da Indiya ke cika shekara 50 da samun mulkin kai, gidauniyar Aga Khan mai kula da al'adu ta ɗauki nauyin farfaɗo da lambun tare da hukumar kayan tarihi ta ƙasar, aka kammala a 2003. Yadda suka bi aikin shi ne abin lura. Sai da suka fara bin tsofaffin rubuce-rubuce da zane-zane, suka yi tono don gano ainihin inda magudanu da hanyoyi suke tun asali. Suka kwashe ƙasar da ta taru kimanin mota 3,000, da hannu, don kada injin ya fasa abin da ke binne. Suka yashe tsofaffin rijiyoyi, suka haƙa ramuka 128 da za su riƙa mayar da ruwan sama cikin ƙasa. Masassaƙan dutse suka daidaita magudanun da gangare na santimita 1 kacal a kowace mita 40, don ruwa ya tafi ba gaggawa ba tsayawa. Bayan haka ne aka dasa itatuwa da tsirrai wajen 2,500, irin waɗanda sarakunan Mugal suka sani, kamar mangwaro da lemun tsami da darbejiya.

Shi ma hubbaren an gyara shi tsakanin 2007 da 2013. Babban aikin da aka yi kuwa shi ne farfasa kankaren da masu gyaran baya suka jibga a rufin, wanda nauyinsa ya kai kilo miliyan ɗaya, aka koma ga kwaɓin farar ƙasa irin na magina na farko. Wato sai da aka kashe kuɗi aka zuba siminti, aka kuma kashe wasu aka cire shi. Tun a 1981 masana suka tsara wata yarjejeniya a birnin Florence na Italiya, wadda ta ɗauki tsohon lambu a matsayin kayan tarihi mai rai, da ke buƙatar kulawa ba yankewa. Abin da ya faru a Delhi ya gaskata su.

'Yan uwa, na san lambunmu ba na sarki ba ne, kuma ba wani baƙo da zai hau jirgi don ya zo ganinsa. Amma a cikinsa yawancinmu muka fara riƙe fartanya da sunan darasi. Kowane aji yana da fangalinsa, muna jan ruwa da guga tun kafin karin kumallo, malaminmu na aikin gona, Allah Ya ji ƙansa, yana tsaye yana ƙirga bokiti. Wanene a cikinmu bai sha bulala a kan gwaibar can ba? Da na leƙa wurin bara, na tarar rijiyar ta cika da shara, shingen ya faɗi, awaki suna kiwo, itatuwan da suka rage ba su kai rabi ba. Laifin na kowa ne, har da mu da muka tafi ba mu waiwaya ba.

Buƙatar filin taro gaskiya ce, ban musa ba, amma akwai fili fetal kusa da ƙofar shiga wanda babu ko tsiro a cikinsa. Game da lambun, ga abin da nake roƙo. Da farko a kafa ƙaramin kwamiti ya je ya zauna da tsofaffin malamanmu da Baba mai lambu tun suna da rai, su zana mana yadda wurin yake a da, da irin itacen da ke kowace kusurwa. Na biyu a yashe rijiyar a gyara shinge kafin a sayi ko dashe ɗaya. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, a ware wani abu daga kuɗin da muke tarawa duk shekara don albashin mai kula da wurin, domin rashinsa ne ya kashe lambun sarki, balle namu. Kuɗin da za a zuba a siminti zai biya wannan albashi na shekaru.

Siminti ana zuba shi cikin mako guda, a duk shekarar da muka ga dama. Mangwaron da ke bakin rijiya kuwa ya girmi duk wanda ke cikin ajinmu, in aka sare shi, sai dai jikokinmu su sha inuwar madadinsa. Ina roƙon shugabanni da iyayenmu malamai su dubi wannan magana kafin zama na gaba. In na yi kuskure a gafarce ni. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ɗaukaka makarantarmu, amin.