Giwan Ruwa a Gidan Wasu

Na tashi a Gonin Gora, kudu da Kogin Kaduna, inda ba a ambaton giwan ruwa sai da girmamawa. Shi ne kifin da masunci ke alfahari da kamawa, shi ne kuma ke yawan ɗaga sunan gwani a bikin kamun kifi na Argungu. Saboda haka na yi mamaki ƙwarai ranar da na karanta cewa a Gabashin Afirka ana lissafa shi cikin manyan masifun da suka taɓa afka wa ruwa.

Asalin labarin yana Tafkin Biktoriya, wanda Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye. Tafkin yana da ƙananan kifaye dangin karfasa kusan iri 500, waɗanda galibinsu babu su a ko'ina a duniya sai can. Turawan mulkin mallaka na Ingila suka raina su, suna ganin ƙaya ta yi musu yawa, kuma ba su da daraja a kasuwa. Tun a 1929 Michael Graham, masanin da ya binciki tafkin, ya yi gargaɗin cewa sakin babban kifi mai farauta a ciki haɗari ne. Duk da haka, a shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa, aka ƙara a farkon shekarun 1960.

Shekaru kusan ashirin ba a ga wani sauyi ba. Da shekarun 1980 suka kama, sai ya mamaye tafkin. An ƙiyasta cewa iri wajen 200 na ƙananan kifayen sun ɓace ko sun kusa ƙarewa. Masu cin gansakuka suka ragu, ruwa ya gurɓace. Kifin da mata ke shanyawa a rana ya yi ƙaranci, shi kuwa baƙon maiƙo gare shi, sai an yi bandarsa, don haka aka dinga sare itatuwa. Masana'antu a Mwanza da Kisumu suka riƙa fitar da tsokarsa zuwa Turai, aka bar talaka da kai da ƙashi.

Ban ɗora wa kifin laifi ba. A Neja da Binuwai da Tafkin Cadi ya daɗe tare da abokan zamansa, kowa ya san makwancin kowa. Hannun mutum ne ya kai shi inda ba a san shi ba. Tarwadarmu ma ta yi irin wannan ɓarna a Indiya, har aka haramta kiwonta.

Yanzu tafkunan kiwon kifi sun yawaita a unguwanninmu, ambaliya kuma ba ta neman izini kafin ta haɗa su da rafi. Duk mai sayo ɗan kifin da bai san asalinsa ba, ya tuna cewa har yau an kasa fitar da giwan ruwa daga Biktoriya.