Jamus a Allon Wasa: Abin da Aka Ƙirga da Abin da Aka Bari

Wata ranar Asabar da dare na tarar da ƙanina, ɗan shekara 17, a gaban kwamfuta yana murna wai ya ci birnin Mosko. Wasan da yake yi shi ne Hearts of Iron IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Swidin ya fitar a 2016, inda mai wasa ke karɓar ragamar ƙasa tun daga 1936 ya shiga da ita Yaƙin Duniya na Biyu. Shi Jamus ya ɗauka. Ya haddace sunayen tankoki, ya san ƙarfen da kowace masana'anta ke ci. Da na tambaye shi me ya sami mutanen garuruwan da ya cinye, sai ya ce wasan bai nuna ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan amsa tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Irin waɗannan wasanni na dabarun mulki da yaƙi sun zama littafin tarihi na farko ga matasa da yawa. Darasinsu kuwa yana cikin dokokinsu: abin da wasa ya ƙirga shi mai wasa ke ɗauka da muhimmanci, abin da bai ƙirga ba tamkar bai taɓa faruwa ba. A tarihin Jamus, abin da aka bari ya fi wanda aka ƙirga nauyi.

Da farko, wace Jamus ake nufi? Ƙasar mai gwamnati ɗaya an kafa ta ne ranar 18 ga Janairu, 1871, a fadar Versailles ta Faransa, bisa shirin Bismak, firaministan Furushiya. Kafin nan masu jin Jamusanci sun yi ƙarnuka a ƙarƙashin inuwar Daular Rum Mai Tsarki, wadda ta rushe a 1806, kuma bayan sulhun Westphalia na 1648 ta ƙunshi masarautu da birane masu cin gashin kansu kimanin 300. Duk wanda ya san yadda Kano da Katsina da Zazzau suke kafin 1804, harshe ɗaya amma kowa da sarkinsa, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Wasan Civilization kuwa, tun fitowarsa a 1991, ya daɗe yana miƙa wa mai wasa Jamus dunƙulalliya tun shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, da shugaba ɗaya wanda ba ya mutuwa. An yi ta juya shugabancin tsakanin Sarki Frederick na Furushiya da Bismak, sannan a fitowa ta shida, a 2016, aka kawo Barbarossa. Makamin da aka keɓe wa ƙasar a fitowa ta huɗu da ta biyar tankar yaƙi ce, a ta shida jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku. Shi Barbarossa ya nitse a kogi a 1190, kan hanyarsa ta zuwa yaƙin 'yan Salibi na uku. 'Yan kishin ƙasa na ƙarni na 19 ne suka raya almarar cewa barci yake yi a cikin dutsen Kyffhäuser, zai farka ya haɗa kan Jamusawa, har aka gina masa abin tunawa a wurin a 1896. Sunansa ne kuma Hitila ya laƙaba wa mamayar Tarayyar Sobiyet ta ranar 22 ga Yuni, 1941. Ashe zaɓen shugaba ma ɗaukar ɓangare ne a wata tsohuwar muhawara.

Ba zan tauye haƙƙin masu ƙira ba. Fitowa ta shida ta ba Jamus unguwar Hansa, don tunawa da ƙawancen biranen fatake irin su Lübeck da Hambug. Europa Universalis IV, mai farawa daga 1444, ya fi kusa da gaskiya: taswirarsa cike take da ƙananan masarautu, kuma manyan fada bakwai ke zaɓen sarkin daula, kamar yadda dokar 1356 ta tanada. A can haɗewar Jamus abu ne mai yiwuwa, mai kuma iya gagara, yadda mutanen zamanin suka gan ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekarun 1933 zuwa 1945. Wasan ƙanina bai nuna kisan Yahudawa miliyan 6 ba, bai nuna fursunonin yaƙin Sobiyet kimanin miliyan 3 da suka mutu a hannun sojojin Jamus ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce bai kamata kisan ƙare dangi ya zama maɓallin da yaro zai danna ba, kuma na yarda da ita. Sai dai shirun yana haifar da wata ƙarya: soja mai tsabta, wanda yaƙi kawai ya yi. Wannan ita ce ƙaryar da Jamusawa da kansu suka yi ta fama da ita, har wani baje kolin hotuna da aka buɗe a Hambug a 1995 ya nuna musu hannun rundunar soja dumu-dumu a kisan fararen hula.

Goge alama ma ba magani ba ne. Sashe na 86a na dokar laifuka ta Jamus ya hana baza tambarin 'yan Nazi, shi ya sa aka daɗe ana cire shi daga wasanni. A 2018 hukumar tantance wasanni ta ƙasar ta fara duba kowane wasa bisa manufarsa. A 2020 aka fitar da Through the Darkest of Times, inda mai wasa ke jagorantar ƙaramar ƙungiyar masu bijire wa Hitila a Berlin, yana ƙirga takardar buga wasiƙu da abokan da aka kama. Wasan dabara ne shi ma, amma abin da ya ƙirga ya bambanta.

Akwai kuma shafin da ya taɓa mu. A Berlin aka yi taron 1884 zuwa 1885 kan mamayar Afirka. Sojojin Jamus ne suka fatattaki Lamiɗon Adamawa Zubairu a Marwa a 1902, kuma su suka yi wa Herero da Nama kisan da gwamnatin Jamus ta amince a 2021 cewa na ƙare dangi ne. A yawancin wasanni duk wannan launi ne kawai da ke bazuwa a taswira.

Ba na neman a mai da wasa aji. Abin da nake nema shi ne a nuna Jamus mai fuskoki da yawa, ta fatake da malamai da masu bijirewa, a kuma sa mutanen da aka mamaye cikin lissafi, ko da ta labarin da zai tsayar da wasa ya faɗi abin da ya auku a garin da aka ci. A daren nan na jawo kujera kusa da ƙanina, na ɗora yatsa a kan birnin Kiyef a taswirarsa, na ba shi labarin kwarin Babi Yar, inda aka harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a watan Satumba na 1941. Ya daɗe yana kallon wurin bai ce komai ba.