Malam Maman Barka: Daga gurumi zuwa biram

Malam Maman Barka, wanda ya rasu a birnin Yamai ranar 21 ga watan Nuwamba na shekarar 2018, yana cikin mawaƙan Jamhuriyar Nijar da suka fitar da kayan kiɗan gargajiya daga ƙauye suka kai su manyan dandamali na duniya.

An haife shi a ƙarshen shekarun 1950 a yankin Tesker da ke gabashin Nijar, cikin al'ummar Tubawa makiyaya. Ya fara aiki ne a matsayin malamin makaranta, abin da ya sa laƙabin Malam ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi suna da kaɗa gurumi, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu, yana kuma rera waƙoƙinsa da Hausa da Tubanci da Barbarci. Kaset-kaset ɗinsa sun karɓu a Nijar da kuma arewacin Nijeriya.

Ceto biram

A shekarar 2002, tare da tallafin hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tafi yankin Tafkin Chadi domin koyon biram a wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe da ya rage.

Biram yana da tsirkiya biyar, kuma ƙirarsa ta yi kama da kwale-kwale. Abin kiɗa ne na masuntan Buduma, waɗanda ke ba shi matsayi na musamman a al'adarsu.

Bayan rasuwar malamin nasa, nauyin adana wannan kiɗa ya koma kan Malam Barka. Ya kaɗa biram a bikin WOMAD na ƙasar Ingila a shekarar 2008, sannan a 2009 wani kamfani na Birtaniya, World Music Network, ya fitar da faifansa, tare da makaɗin ganga Umaru Adamu.

Zamanin fiyano

Wannan aiki ya zo ne a daidai lokacin da kiɗan na'ura ke mamaye ƙasar Hausa.

Tun a shekarar 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan mai aiki da lantarki a Yamai, kuma kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013.

A Kano kuwa, daga shekarun 1990 masu shirya finafinan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda ke kwaikwayon sautin ganga da sarewa. Mutum ɗaya da fiyano yakan yi aikin makaɗa da dama, kuma cikin kuɗi kaɗan.

Sauyin ya kai har ƙauyuka, inda a bukukuwa da yawa waƙoƙin da aka naɗa a situdiyo suka maye gurbin masu garaya da kukuma.

Abin da ke damun masu nazarin al'adu shi ne, irin wannan kiɗa a hannu ake koyonsa, daga gwani zuwa almajiri. Idan gwani ya mutu bai bar magaji ba, kiɗan yakan bi shi, kamar yadda biram ya kusa yi kafin zuwan Malam Barka Tafkin Chadi.